Kyauta Mai Igiya a Wuya: Darakta, Koci da Masu Hannu da Shuni

A wannan fitowa ina neman izininku mu ɗan jingine maganar albashi da ƙarin girma da muka saba tattaunawa, mu leƙa wata jami'a da ke jihar Alabama a kudancin Amurka, mai suna Auburn. Abin da ya faru a can cikin watan Nuwamba na 2003 ya daɗe yana yi mini yawo a rai, domin duk sa'ad da na tuna shi sai fuskokin wasu mutane da na yi aiki tare da su su faɗo mini.

Sai dai kafin labarin, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da za mu shiga. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya sha bamban da namu. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai wadda ake runguma a ruga da ita, ko a jefa wa abokin wasa, saboda haka ta fi kusa da zari-ruga. Manyan jami'o'insu kuwa su ne ke renon 'yan wasan, kuma a jihohi irin su Alabama ƙungiyar jami'a ita ce abin alfaharin jama'a baki ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar aji a cikinta ba. Filin wasan Auburn yana ɗaukar mutum sama da 85,000, adadin da a wancan lokaci ya zarce yawan mazauna garin nesa ba kusa ba. Inda jama'a suka taru haka, kuɗi na taruwa: kuɗin tikiti, kuɗin gidajen talabijin, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da suka yi arziki.

A rubuce, tsarin shugabancin a fayyace yake. Koci yana ƙarƙashin daraktan wasanni, shi ne ke ɗaukarsa aiki, shi ne ke sallamarsa. Darakta yana ƙarƙashin shugaban jami'a, shugaban jami'a kuma yana amsa wa kwamitin amintattu. Mai ba da gudummawa ba shi da gurbi a wannan jeri ko kaɗan. Amma a aikace labarin ya canza. A manyan jami'o'i albashin koci yakan ninka na daraktan da ke shugabantarsa sau da dama, har ya ninka na shugaban jami'ar ma, kuma a jihohi da yawa kocin jami'a shi ne ma'aikacin gwamnati mafi tsoka a albashi. Wani kaso mai yawa na kuɗin gina filaye da ɗakunan motsa jiki, da kuɗin sallamar kocin da aka gaji da shi, daga aljihun attajirai yake fitowa. Ga darakta nan a tsakiya: wanda ke ƙarƙashinsa ya fi shi kuɗi da suna, wanda ba ya cikin tsarin kuma ya fi shi ƙarfin faɗa a ji.

A shekarar 2003 Tommy Tuberville ne kocin Auburn, David Housel ne daraktan wasanni, William Walker kuma shugaban jami'a. An shiga kakar wasa da babban buri, ana ganin ƙungiyar tana cikin waɗanda za su iya lashe gasar ƙasa. Sai al'amari ya juya. Tun wasan farko aka lallasa su a gida ba su ci ko ɗaya ba, kuma kafin a kai ga wasan ƙarshe sun sha kashi sau biyar. Wasan ƙarshen nan kuwa shi ne karawarsu da Jami'ar Alabama, babbar abokiyar hamayyarsu, wasan da mutanen jihar ke shekara suna jira.

Ana saura kwana biyu a buga shi, shugaban jami'a da daraktan wasanni da mutum biyu daga kwamitin amintattu suka hau jirgin sama a ɓoye, suka sauka kusa da birnin Louisville, suka gana da Bobby Petrino, kocin jami'ar wannan birni, don su ji ko zai karɓi kujerar Tuberville. Petrino ba baƙo ba ne. Shekara guda kafin nan shi ne mataimakin Tuberville mai kula da ɓangaren kai hari, wato yaron gidansa ne. Tuberville bai san da tafiyar ba. Yana can yana shirya yaransa don wasa mafi nauyi a shekara. Daraktan wasannin Louisville ma ba a nemi izininsa ba, alhali al'adar wannan harka ita ce a yi wa maigida sallama kafin a yi magana da ma'aikacinsa. Jirgin da ya kwashe su kuwa na kamfanin bankin Colonial ne, wanda Bobby Lowder ke shugabanta a lokacin. Lowder attajiri ne, babban mai ba jami'ar gudummawa, kuma a wancan lokaci yana zaune a kwamitin amintattunta tun 1983. Shi da kansa ba ya cikin jirgin. Amma jama'ar Alabama ba su buƙaci a yi musu fassara ba.

Ranar Asabar Auburn ta doke Alabama. 'Yan kwanaki bayan haka 'yan jarida suka bankaɗo tafiyar, domin jirgin sama ba ya tashi ya sauka ba tare da an rubuta ba. Aka fara da musu, aka koma neman afuwa. Magoya baya, har da waɗanda makon da ya wuce suke kiran a kori kocin, suka juya suka mara masa baya, saboda mutum yana iya ƙin aikinka amma ya ƙi jinin a ci amanarka. Tuberville ya ci gaba da zama a kujerarsa. Walker ya ajiye shugabancin jami'a a watan Janairu na 2004. Housel ma bai daɗe ba ya bar ofishinsa.

Akwai ɓangaren labarin da masu sharhin wasanni ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ya fi shafar mu malamai. A watan Disamba na 2003 hukumar da ke tantance jami'o'in kudancin Amurka ta sa Auburn cikin wa'adin gargaɗi. Wannan hukunci yana da nauyi ƙwarai, domin jami'ar da ta rasa shaidar tantancewa ɗalibanta kan rasa tallafin karatu na gwamnatin tarayya, takardar shaidarta kuma ta rage daraja. Cikin abubuwan da hukumar ta duba har da yadda 'yan kwamitin amintattu ke tsoma hannu a harkokin yau da kullum na jami'ar, da tambayar ko shugaban jami'a ne ke riƙe da ragamar sashen wasanni da gaske. Binciken ya riga tafiyar jirgin. Tun 2001, bayan kwamitin ya raba shugaba William Muse da kujerarsa, majalisar malaman jami'ar ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da amintattun, wasu ƙungiyoyi na cikin jami'ar kuma suka haɗu suka kai ƙara gaban hukumar. A taƙaice, malaman aji ne suka fara hango ɓarakar, shekara biyu kafin duniya ta gani. Ɗalibin da ke karatun likitan dabbobi ko aikin injiniya, wanda bai taɓa riƙe ƙwallo ba, shi ma takardarsa ta shiga haɗari saboda manya sun mai da makarantarsa tamkar gonar gado.

A kakar 2004 Tuberville da yaransa suka buga wasa 13 suka ci duka 13. Masu ba da wannan labari sukan tsaya a nan su yi tafi, su ce ai ga shi Allah ya wanke koci. Ni ban yarda a kafa hujja da wannan ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa su lura da dalilina. Idan muka ce laifin waɗanda suka hau jirgi shi ne sun yi kuskuren auna gwanintar Tuberville, to mun yarda ke nan cewa da ya sha kashi a 2004 da tafiyarsu ta zama daidai. Alhali tafiyar ɓarna ce tun daren da aka yi ta, ko ya ci ko bai ci ba. Jami'a tana da ikon sallamar koci. Wannan ba abin jayayya ba ne. Akwai hanyar yin haka: a jira kaka ta ƙare, darakta ya zauna da shi ido da ido, a buɗe kwantiragi, a biya shi haƙƙinsa, sannan a nemi wani. Abin da aka yi shi ne aka nemi magajinsa yana raye a kan aiki, da jirgin wanda ba shi da hurumin ɗauka ko kora. Shekara huɗu bayan wannan gagarumar nasara, a 2008, ƙungiyar ta ci wasa biyar ta sha kashi bakwai, Tuberville ya bar aiki. Da sakamako ne ma'aunin gaskiya, da sai mu ce masu jirgi sun yi gaskiya, sun dai yi sauri ne. (Mutumin daga baya ya shiga siyasa, aka zaɓe shi sanata daga Alabama a 2020, amma wannan wani zance ne.)

Cikin mutanen nan, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne darakta. Attajiri ya yi abin da attajirai suka saba, wato ya ga kuɗinsa a cikin gini sai ya ɗauka ginin nasa ne. Housel kuwa ɗan gida ne. A Auburn ya yi karatu, a nan ya shafe rayuwar aikinsa, kuma an san shi da son jami'ar kamar ransa. Shi ne maigidan Tuberville kai tsaye, shi ne ya kamata ya zama katanga tsakaninsa da masu kuɗi. An ƙirƙiro kujerar darakta ne domin a sami mutum guda da zai iya karɓar cek daga hannun attajiri da safe, ya yi masa godiya da zuciya ɗaya, da yamma kuma ya ce masa: ranka ya daɗe, wannan shawara ba taka ba ce. Ranar da ya hau jirgin nan, kujerar ta zama ba ta da amfani. Na san za a ce shugabansa ne ya ce ya zo, ya zai yi? Gaskiya ne, kuma ba na raina nauyin wannan. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin wani ya san yadda kalmar a'a take da ɗaci a baki. Amma wanda ba zai iya furta ta ba sau ɗaya a shekara goma, me ya sa ake biyansa albashin shugaba?

Don kada a ce na ɗauki gefe guda, ga wani labari inda darakta ya tsaya da ƙafarsa, kuma abin bai zo masa da daɗi ba. A farkon 2011 kocin Jami'ar Connecticut, Randy Edsall, ya koma Maryland. Daraktan wasanni Jeff Hathaway ya ɗauki Paul Pasqualoni ya maye gurbinsa. Sai Robert Burton, attajirin harkar ɗab'i wanda sunan iyalinsa ke jikin ginin horar da 'yan ƙwallon jami'ar, ya rubuta wa darakta wasiƙa mai zafi. Ya nemi a mayar masa da dala miliyan 3 da ya bayar, a kuma cire sunan iyalinsa daga ginin, saboda ba a saurari shawararsa ba wajen zaɓen koci. Wasiƙar ta fita fili, ƙasa ta ɗauka. Bayan 'yan makonni manyan jami'ar suka je suka lallashe shi, ya bar kuɗinsa. Kafin shekarar ta ƙare Hathaway ya bar aiki. Pasqualoni kuwa bai yi nasara ba: kaka biyu a jere yana cin biyar yana faɗuwa bakwai, a 2013 ya fara da shan kashi huɗu a jere aka sallame shi.

To, ashe Burton ya yi gaskiya? Wataƙila idonsa a kan koci ya fi na darakta. Wannan ba ya ba shi kujerar darakta. Idan Hathaway ya yi zaɓen tumun dare, akwai wanda zai tuhume shi, a kira shi ofis, a ƙi sabunta masa kwantiragi, kuma ga shi ya tafi. Idan Burton ne ya zaɓa ya yi kuskure, wa zai kira shi ofis? Ba a ɗauke shi aiki ba balle a kore shi. Dalilin da ya sa ake ajiye iko a hannun ma'aikaci ke nan, ko da wani na waje ya fi shi sani: shi ana iya kama shi da laifi. Duk da haka ina ganin Hathaway ma yana da nasa. Mutumin da ya ba ka miliyoyi ya cancanci ka ɗaga waya ka kira shi, ka saurare shi har ya gama, ka bayyana masa dalilinka kafin ya ji a rediyo. Sauraro ba ya rage wa shugaba komai. Da yawa daga cikin rigingimun nan ba a kan iko suke farawa ba, a kan raini suke farawa, ko abin da mai kuɗi ya ɗauka raini ne.

Koci ma ba waliyyi ba ne a wannan harka, kada tausayin Tuberville ya rufe mana ido. Petrino ya karɓi baƙin dare yana sane da cewa kujerar tsohon maigidansa ake yi masa tayi. Shi ne kuma a 2007 ya bar ƙungiyar ƙwararru ta Atlanta Falcons kaka ba ta ƙare ba, ya bar wa 'yan wasansa 'yar takarda ya tafi Arkansas. Kocin da ya ƙware yakan koyi tsallake daraktansa ya ƙulla zumunci da attajirai kai tsaye, ya yi amfani da su wajen neman ƙarin albashi, har ranar da za su juya masa baya. Dubi Jami'ar Texas A&M da ke jihar Teksas. A ƙarshen 2017 ta ɗauki Jimbo Fisher a kan dala miliyan 75 na shekara goma, a 2021 ta ƙara masa kuɗi da wa'adi. A watan Nuwamba na 2023 ta sallame shi, kuma kwantiragin ya wajabta mata biyansa sama da dala miliyan 75 don ya zauna a gida. Daraktan wasanni na lokacin, Ross Bjork, ya bayyana cewa daga gidauniyar masu ba da gudummawa da asusun sashen wasanni za a biya, ba daga kuɗin karatu ba. Na yarda. Amma duk daraktan da ya miƙa hannu aka tara masa irin wannan kuɗi don ya kori mutum guda, da wane baki zai ce wa waɗanda suka tara ba ruwansu da wanda za a ɗauka?

Ƙarshen wannan hanya kuwa an taɓa ganinsa. A 1987 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta haramta wa jami'ar SMU da ke Dallas buga ƙwallo na kaka guda cur, saboda masu ba da gudummawa sun daɗe suna biyan 'yan wasa a ɓoye, abin da doka ta hana a lokacin. Jami'ar ba ta iya fitar da ƙungiya ba a 1988 ma. Bill Clements, gwamnan Teksas wanda ya shugabanci kwamitin gudanarwar jami'ar, ya amsa da bakinsa cewa da saninsu aka ci gaba da biyan. Ƙungiyar ta shafe shekaru kusan ashirin kafin ta sake ɗaga kai.

Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai koyar da aji huɗu da dalolin Amurka? Mu da alli ma wani lokaci sai mun sa hannu a aljihu. Amsata ita ce abin da na gani da idona a wata makaranta da na taɓa koyarwa. Wani bawan Allah mai hali, tsohon ɗalibin makarantar, ya gyara mana rufin azuzuwa biyu da iska ta yaye, ya sayo rigunan wasa da ƙwallaye. Alheri ne na gaske, yara sun daina zama a rana, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Da gasar makarantun firamare ta ƙaramar hukuma ta matso, sai ya aiko da samari uku a sa su cikin ƙungiya. Kowa a unguwa ya san sun gama firamare da daɗewa. Ɗayansu har gemu ya fara tsiro masa. Malamin wasanninmu, mutum mai shekara goma sha a kan wannan aiki ba tare da ko sisin alawus ba, ya ce ba zai cire yaran da suka yi wata uku suna atisaye da shi bayan an tashi ba, ya sa waɗanda sunansu ba ya cikin rajista.

Hedimasta bai kira shi ofis ba, bai ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba. Ranar Litinin kawai muka ga wani malami riƙe da usur a fili, an ce shi ne sabon mai kula da wasanni. Malamin da aka ture a bakin ɗalibansa ya ji. Aka je gasa da samarin nan, aka ci wasa biyu, a na uku wata makaranta ta kai ƙara aka kore mu. Amma ko da mun ɗauko kofin, yara goma sha ɗaya sun riga sun koyi darasin da babu shi a manhaja: sun ga malaminsu ya faɗi gaskiya an ƙwace masa usur. Zangon da ya biyo baya aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Ban isa in rantse cewa wannan ne dalili ba. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne mu abokan aikinsa, har da ni mai wannan rubutu, ba wanda ya buɗe baki. Muna ɗakin malamai muna gunaguni, da hedimasta ya shigo sai mu koma maganar taki.

Ban ɗauki hedimastan nan mugu ba. Mutum ne da aka ba makaranta ba a ba shi abin gudanar da ita ba, ga rufi a yaye, ga damina ta ƙarato, ga mutum guda da ya zo da kwano da ƙusa. Matuƙar gwamnati ta bar shugabannin makarantu suna bara don su rufe azuzuwa, za su ci gaba da jin nauyin wanda ya ba su, domin bakin da ya ci shi ke jin kunya. Wannan kuwa magana ce da ƙungiyarmu ta daɗe tana yi, kuma ba za mu gaji ba. Sai dai Auburn ba matalauciyar makaranta ba ce, Texas A&M ma haka, amma cutar ba ta ƙyale su ba. Saboda haka ko an ninka kasafin ilimi gobe, sai mun tanadi abin da zai tsare malami daga mai kyauta, ya kuma tsare shugaban makaranta daga kunyar da ke hana shi magana.

Abin da nake ganin reshenmu zai iya yi ba ya buƙatar kuɗi. Duk gudummawar da za a ba makaranta, ta kuɗi ko ta kaya, a karɓe ta a zaman kwamitin gudanar da makaranta na al'umma ko na ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta ta a littafi, a karanta a gaban mai bayarwa abin da aka karɓa da abin da za a yi da shi. A yi masa godiya a bainar jama'a, a sa sunansa a jikin ginin in yana so, a gayyace shi ranar rabon kyaututtuka a ba shi kujerar gaba. Duk wannan haƙƙinsa ne, kuma rowar godiya ma laifi ce. Amma a cikin takardar nan a rubuta jimla guda, cewa zaɓen ɗalibai, da rabon aiki tsakanin malamai, da sakamakon jarrabawa, suna hannun makaranta. Amfanin wannan jimla ga hedimasta ya fi amfaninta ga kowa. Ranar da aka aiko masa da samari masu gemu, ba sai ya ce ni na ƙi ba. Sai ya buɗe littafi ya ce Alhaji, ga abin da muka sa wa hannu tare.

Sannan idan za a karɓe wani aiki daga hannun malami, ko na wasanni ne, ko na jarrabawa, ko na kula da aji, a kira shi a faɗa masa dalili kafin a sanar da wanda zai gaje shi, kuma ya sami damar zuwa da wakilin ƙungiya. Idan canjin wurin aiki ya biyo bayan saɓani da wani mai ba da gudummawa, reshe ya rubuta wa sakataren ilimi ya nemi bayani a rubuce. Ba lallai a janye canjin ba. Amma wanda ya san za a tambaye shi yakan yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu. Malaman Auburn ba su da jirgi, ba su da banki. Ƙuri'a suka kaɗa, takarda suka rubuta, suka jira shekara biyu kafin a amsa musu.

Na miƙa wa sakataren reshe wannan shawara a rubuce domin a sa ta cikin ajandar taronmu na gaba. Ina roƙon shugabannin makarantu da ke cikinmu su zo su faɗi inda take da wuyar aiwatarwa, domin su ne ke zama da masu kyautar nan gaba da gaba, mu muna aji. Malamin wasannin da na ba ku labarinsa yana nan da ransa, yana koyarwa a ƙauyen da aka kai shi, kuma na ji ya haɗa wata ƙungiyar yara a can. Na aika masa ya zo taron, na kuma ce kuɗin motarsa a kaina.